Wutar Langdale: mu dafa mu kai, ko mu tura kuɗi mu zauna?

Maman Hanif: Salamu alaikum jama'a. Dan Allah kuna bin labarin wutar dajin nan ta Langdale a North Yorkshire, nan arewacin Ingila, kuwa? Tun 11 ga Agustan nan na 2025 take ci, yau sati biyu da kwana biyu kenan, an ce ta lafa sai iska ta taso ta sake tashi, har an rufe titin A171 tsakanin Whitby da Scarborough saboda hayaƙi. Jiya na ga hoton wasu 'yan kwana-kwana a zube a gefen hanya fuska baƙi ƙirin kamar masu sayar da gawayi, wallahi sai da abincin da nake ci ya fita raina. Shi ne na ce me zai hana mu matan gurup ɗin nan mu haɗa kuɗi mu yi dafa-duka kula uku ko huɗu da kaji ranar Asabar a kai musu? Daga Leeds bai fi awa ɗaya da rabi ba. Ni na ɗauki shinkafa buhu ɗaya.

Ummi Nas: Wa alaikumus salam. Ma sha Allah Maman Hanif, Allah ya saka. Ni ina da aikin dare ranar Juma'a amma zan sa hannu da kuɗi

Alhaji Ɗanjuma: Toh. Ni dai tambaya ɗaya gare ni. Harajin kansul ɗin da muke biya duk wata, wanda in ka duba takardar za ka ga kason 'yan kwana-kwana a rubuce a ciki, na mene ne? Ƙasar da ke da jiragen yaƙi ita ce za ta kasa saya wa ma'aikatanta burodi sai matan Hausawa sun dafa? Ku bar gwamnati ta yi aikinta. In sadaka kuke so ga 'yan gudun hijira can a gida ko tabarma ba su da ita.

Sadik Boro: Baba Alhaji barka da yamma. Ba wai gwamnati ba ta ciyar da su ba ne, matsalar tsawon lokacin ce. Tsarinsu an yi shi ne don gobarar gida ko ta shago, awa uku awa huɗu an gama kowa ya koma tasha ya sha shayi. Wannan kuwa makonni ake yi, mutane ɗaruruwa suna canjin aiki dare da rana a wurin da ko shagon ruwa babu. Kuma da yawa daga 'yan kwana-kwanan North Yorkshire ba ma'aikatan dindindin ba ne, masu jiran kira ne, wani makaniki ne wani mai shago, ƙararrawa na kaɗawa ya ajiye aikinsa ya fita. Ga manoma da suke jan tankokin ruwa da taraktocinsu ba wanda ya ɗauke su aiki. Su wa zai ciyar?

Yaya Bala Kano: Ku yi haƙuri ni da nake gida ban gane ba. Wace irin wuta ce za ta yi sati biyu a ƙasar da kullum kuke mana kukan ruwan sama? Daji ne mai itatuwa?

Sadik Boro: Hhh Yaya Bala bana ba ruwan. Tun watan Yuni aka ayyana fari a Yorkshire, a Yuli aka hana ban ruwa da tiyo a gidaje. Wurin kuma yawancinsa ba itatuwa, tuddai ne shimfiɗaɗɗu iya ganinka, sai wata gajeriyar ciyawa mai itace-itace da ke yin fure shuɗi-ja a wannan watan, tumaki na kiwo a ciki. Abin da ke ƙasan ciyawar shi ne bala'in. Ƙasar ba ƙasa ba ce irin tamu, ruɓaɓɓen tsiro ne da ya taru ya danne juna shekara dubbai, suna ce masa pit, a shekara kamar milimita ɗaya yake ƙaruwa, kenan zurfin mita ɗaya shekara dubu ne. In ya bushe ci yake kamar gawayi. Ka san tarin buntun shinkafa a bayan injin casa, in wuta ta shige shi sama ka ga toka lafiya lau, ka sa ƙafa ka ji a jikinka? To haka. Sai a kashe ta nan ta bi ta ƙarƙashi ta ɓullo can bayan mutane. Sannan wannan ta Langdale da ƙarin masifa, wurin filin atisayen sojoji ne lokacin yaƙin duniya na biyu, tsofaffin bama-bamai na binne, zafi na isa gare su suna tashi. Shi ya sa wasu wuraren ba a shiga da ƙafa ma.

Yaya Bala Kano: Innalillahi. A'a wannan ta fi ƙarfin bokiti.

Anti Ladi: Maman Hanif ƙanwata, na ga saƙonki tun ɗazu ina wurin aiki ne. Niyyarki mai kyau ce Allah ya ba da lada, amma dan Allah kar ki ɗora tukunya tukuna, ki bari in ba ki labarin abin da ya same ni a 2018, waɗanda suka daɗe a gurup ɗin sun sani suna min dariya har yau.

Wutar Saddleworth ta fara ranar Lahadi 24 ga Yuni, kwana kaɗan bayan ƙaramar Sallah. Lokacin muna zaune Stalybridge, tudun ana hango shi daga tagar kicin ɗina. Ranar Talata 26 ga wata ba zan manta ba don ranar ce Najeriya ta buga da Ajantina a Rasha, maigidan da abokansa sun cika falo ana ta ihu Moses ya farke da fenareti, ni kuma ina ta rufe tagogi saboda toka na sauka a kan shanyata kamar hazo. Rojo na jefa ta biyun nan falo ya yi tsit, sai ga waya wai ana kwashe mutane daga gidajensu a Carrbrook, nan kusa da mu. Daren nan sama ja wur. Ban yi barci ba.

Gari na wayewa na ce wallahi sai na yi wani abu. Na kira mata biyu, muka yi dafa-duka babbar tukunya ta biki, muka soya kaji goma sha biyu, na zuba attaruhu yadda muke ci a gida don ban ma yi tunani ba, har da yajin ƙuli a 'yar roba wai ko wani zai so ƙari. Muka loda kuloli a but muka nufi tudu da azahar. Ko rabin hanya ba mu yi ba muka tarar an gindaya shinge. Wani ɗan sanda yaro ƙarami ya leƙo, na buɗe masa kula ƙamshi ya buge shi, ya yi murmushi ya ce ya gode ƙwarai amma ba mai wucewa, kuma ko na wuce ba wanda zai karɓi dafaffen abinci daga hannun wanda ba su san kicin ɗinsa ba. Raina ya ɓaci sosai, a zuciyata na ce don sun gan mu da hijabi ne. Ina juya mota sai ga wata tsohuwar Baturiya a bayana da faranti-faranti na taliyar da ta gasa da cuku, ita ma aka juyo da ita. Muka tsaya a gefen titi ni da ita muna kallon juna, sai dariya. Ƙarshe ita ta tafi da kaji biyu, ni na tafi da taliyarta, sauran shinkafar maƙwabta da yaran masallaci suka cinye.

Washegari na je tashar 'yan kwana-kwana ta garin na tambaya me kuke so. Abin da aka lissafa min ya ba ni mamaki: ruwan roba, man shafawa na kare zafin rana, maganin ƙwari, hular hana sallah, da safa. Safa fa! Ashe mutum in ya yi awa goma sha biyu cikin takalmin nan mai nauyi a kan ƙasa mai zafi ƙafarsa salewa take, busasshiyar safa ta fi masa cinyar kaza. Abinci mai zafi kuwa akwai masu yi, motar Salvation Army, ƙungiyar agaji ta coci, tana can inda ake taruwa, su hukumar kwana-kwana ce da kanta take kiransu, suna da mota mai kicin a ciki da tukunyar shayi, aikinsu kenan shekara da shekaru. Su na bi na yi kwana tara ina yanka burodi ina shafa bota, ni da ban taɓa shiga coci ba, ba wanda ya tambaye ni addinina ni ma ban tambayi na kowa ba, in lokacin salla ya yi in koma bayan mota in shimfiɗa ɗankwali.

Maman Hanif: Kai Anti Ladi 😂 kaji sha biyu! To amma ni abin da ban gane ba, abincinmu guba ne? Mu da muke ciyar da mutum ɗari uku a suna ba wanda ya taɓa kwanciya asibiti

Anti Ladi: Ba wanda ya gaya miki dai. Wanda cikinsa ya ɓaci bayan suna gida yake tafiya ya sha fama shi kaɗai, ba ya dawowa ya ce Maman Hanif shinkafarki ce. A can kuwa in mutum ashirin suka kamu da gudawa lokaci ɗaya a kan tudun da ba banɗaki, an rasa motoci huɗu ko biyar na ma'aikata kenan a yini guda. Ni yanzu a kicin ɗin gidan tsofaffi nake aiki, dokar a kaina take: abinci mai zafi sai ya zauna a digiri 63 ko sama, in ya sauka ƙasa da haka awa biyu kawai gare shi. Ki lissafa, kin sauke ƙarfe tara, kin zuba a kula, awa ɗaya da rabi a hanya in ba cunkoso, ga titi a rufe sai kin zagaya, kin isa kuma waɗanda za su ci suna can sama sai ƙarfe uku za su sauko. Shinkafa kuma ita ce ta fi kowane abinci saurin juyawa in ta yi ɗumi-ɗumi.

Ummi Nas: Gaskiya ne wannan. Ga kuma maganar alaji

Alhaji Ɗanjuma: Ni kuma me na yi?

Ummi Nas: 😂😂 Baba ba kai ba, alaji na abinci, wanda jikin mutum ba ya karɓar wani abu. A dokar ƙasar nan abubuwa 14 ne dole a faɗa in suna cikin abinci, gyaɗa na ciki, riɗi na ciki, madara, ƙwai, alkama, kifi. Mu kuwa gyaɗa ce rayuwarmu, man gyaɗa, yajin tsire duk ƙuli ne. Na ga yaro a imajensi da ya ɗanɗani abu mai gyaɗa, cikin minti kaɗan leɓe ya kumbura numfashi na fita da ƙyar. A nan asibiti na kusa. A kan tudu fa? Tun 2021 ma aka ƙara tsaurara dokar lakabi, bayan yarinyar nan Natasha da ta rasu a 2016 saboda riɗin da ke cikin burodin da ta saya ba a rubuta ba. Yajin da Anti ta ɗauka a roba da ya isa can da Allah kaɗai ya san abin da zai faru.

Anti Ladi: Ki daina tuna min, har yanzu in na tuna gabana faɗuwa yake.

Baban Ilham: Salam. Ni ta ɓangaren Bolton na ga tawa. Kwana huɗu bayan ta Saddleworth, 28 ga Yuni, Winter Hill ta kama, tudun nan mai doguwar eriyar talabijin. Kwana 41 aka yi kafin a ce ta mutu. Ina tasi lokacin, mu direbobi muka riƙa ɗaukar katan-katan na ruwa daga masallatai da shaguna muna kaiwa inda ake tarawa kyauta. Abin da nake so Maman Hanif ta ji shi ne wannan: satin farko kaya har ba wurin ajiyewa. Kowa na kawowa, kowa na ɗaukar hoto, cakulan ta narke a rana, ayaba ta yi baƙi, sanwici ya yi tsami a leda an zubar. Har aka fara roƙon mutane su dakata. Sati na uku kuwa? 'Yan jarida sun tafi, Ingila ta kai wasan kusa da ƙarshe kowa na maganar ƙwallo, yara na shirin hutu. Na je da yamma wata rana na tarar da mata biyu tsofaffi su kaɗai ke ta zuba shayi tun safe, ɗaya ƙafarta ta kumbura ta zauna a kan kwali. Su kuma mutanen suna can suna tonon ƙasa suna bin wutar da ba a gani, aikin ma ya fi na farko wahala don ba harshen wuta ba kyamara, sai tiyo da shebur da wani abu kamar faifan roba a kan sanda da suke bugun ciyawa da shi. Wanda ya zo a sati na uku shi ne ya taimaka. Na farkon biki ne.

Alhaji Ɗanjuma: To ai ka faɗi maganata da bakinka. Hoto. Rabin masu wannan abin don a gan su ne. Bara da aka yi tarzoma bayan kisan yaran nan uku a Southport aka farfasa motoci a Middlesbrough aka kai wa masallatai hari, wa ya kawo mana shinkafa? Yanzu mu ne za mu kwashi kuloli mu je ƙauyen da in ka shiga kowa sai ya juyo ya kalle ka, don a ce Musulmi mutanen kirki ne? Ni na gaji da wannan neman shiga.

Sadik Boro: Baba da girmanka, ina garin lokacin. Kwana biyu ban fita ba don tsoro. Amma washegarin tarzomar da safe mutanen gari ne suka fito da tsintsiya da shebur suna share titi, Turawa da 'yan Pakistan da mu, wata mata ta ƙwanƙwasa mana ƙofa ta ce lafiyarku ƙalau? Kuma motocin da aka cinna wa wuta su wa suka kashe wutar? Ba za a ce ba wanda ya kawo komai ba.

Malam Habu: Assalamu alaikum. Alhaji, maganarka akwai gaskiya a rabinta. In don a yabe mu ne, ko don a sa mu a jarida, to ladan ya tsaya a jaridar. Amma gyaran wannan ai ba barin aikin ba ne, barin kyamarar ne. Sa'adu bin Ubada ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wace sadaka ce ta fi, aka ce masa shayar da ruwa. Ba a ce sai mai ƙishin Musulmi ne ba. Kuma hayaƙin nan da iska ke kaɗawa bai san ƙofar masallaci da ta coci ba, 'ya'yanmu masu asma suna shaƙa. Batun 'yan gudun hijira na gida kuwa, asusunsu na nan muna zubawa duk wata, ba a taɓa shi ba, wannan daban.

Alhaji Ɗanjuma: Allah ya gafarta Malam, ban ce haramun ne ba. Na ce dai a yi hankali kar gwamnati ta saba. Yau ka kawo burodi kyauta, gobe ta cire kuɗin burodi daga kasafi ta ce ai jama'a na kawowa. Shekara nawa ana rage musu ma'aikata, ƙungiyarsu kullum kuka take. Shayin tsofaffin matan nan shi ke rufa wa 'yan siyasa asiri.

Baban Ilham: Wannan kam ban musa ba Alhaji. Amma mutumin da ya sauko daga tudu ƙarfe biyun dare ba kasafi zai sha ba. Ka rubuta wa ɗan majalisarka, ni zan sa hannu a takardar, shayin kuma a kai.

Isuhu Tawa: Salamu alaikum 'yan uwa, ni daga Nijar nike bin ku. Wanga magana ta taɓa ni don mu nan wutar daji duk shekara muna ganin ta, in damina ta yi kyau ciyawa ta tashi ta bushe, daga watan goma zuwa sanyi, wajen Abalak da Cintabaradan. Pompiye na gari, wato 'yan kwana-kwana, ba su isa can, mutanen rugga da na ƙauye ka fita da rassan itace da barguna. Abin da munka sani tun kakanni, maza na gaba suna bugun wuta, mata da yara na baya da jarkar ruwa bisa jakkai da hura a ƙwarya. Ba mai kai tuwo wurin wuta. Hura ce da ruwa da dabino, abin da mutum ka sha tsaye ya koma. Kuma wanda ya fi kowa daraja shi ne mai jakin da ya dawo karo na biyar, ba wanda ya zo da farko da guɗa ba. Da na karanta Baban Ilham sai na ce ashe ko'ina ɗaya ne.

Anti Ladi: Malam Isuhu ka gama magana. Abin da ake ci da hannu ɗaya a tsaye, shi ne. Ni abin da na gani da idona: mutum zai sauko hannunsa baƙi, ya gaji har cokali nauyi yake masa, zafi kusan digiri 30 ga kayan nan masu kauri. Ba ya son abu mai yaji don maƙogwaronsa ya riga ya ƙone da hayaƙi. Ruwa yake fara nema, sai abu mai gishiri, sai shayi mai sukari ko da rana tsaka, Bature da shayi sai Allah. Akwai wani dogo da ya zo ya karɓi burodi da ƙwai ya zauna a kan taya, ya ci rabi, barci ya ɗauke shi da sauran a hannu. Na tsaya ina kore masa ƙuda. Sojojin Sukotland ɗin nan kusan ɗari da aka kawo su ma haka, yara ne ƙanana wasu ba su kai ɗana ba. Abinci mai nauyi sai an tashi daga aiki, shi kuma masu motar kicin ke yi a wurin da zafinsa, su Salvation Army da wasu masu tanti ja da ake ce wa Rapid Relief Team masu gasa nama a sa a burodi.

Yaya Bala Kano: Ni duk wannan hirar kunya ta sa ni. Mu a nan in kasuwa ta kama, motar kwana-kwana ta iso a makare ko ruwanta ya ƙare, jifa ake yi. Na taɓa gani da idona an fasa gilashin mota, direban na zubar da jini yana roƙon a ba shi hanya. Ba wanda ya tambaya ko akwai famfon da zai ɗebi ruwa, ko rumfunan da muka kafa a kan hanya ne suka hana shi shiga. Ko fiya wata leda ɗaya ban taɓa ganin an miƙa musu ba, ni ma ban taɓa ba.

Maman Hanif: To yanzu ni me zan yi da buhun shinkafata 😩 Gaskiya jikina ya yi sanyi. Ni fa so nake su ci abincinmu su san akwai mu

Anti Ladi: Kar ya yi sanyi. Shinkafa ba ta lalacewa a buhu. In wuta ta mutu suka huta, sai mu nemi izini mu kai musu walima tasha, a dafa a kicin ɗin masallacin Leeds tunda yana da rajista da kansul an duba shi, a rubuta abin da ke ciki a manna, yaji a gefe ba ƙuli. Lokacin za su zauna su ci da cokali su san sun ci. Mu a 2018 sai a watan Satumba muka yi haka, wani har ya tambaya ko ana sayar da ita a wani wuri. Na yanzu kuwa, a fara kiran layin ofishin hukumar kwana-kwana ta North Yorkshire, ba lambar gaggawa 999 ba dan Allah, a tambaya me suke buƙata yau kuma ina ake ajiyewa, don abin da suke so ranar Laraba ba shi ne na Asabar ba. Kar kowa ya tuƙa mota ya nufi wurin wutar, hanyoyin ƙanana ne, motarki ɗaya za ta iya tare tankar ruwa. In sun ce kuɗi ya fi, a tura wa masu motar kicin ko gidauniyar 'yan kwana-kwana ta Fire Fighters Charity. Masu son aikin hannu kuma su ba da suna a sa su a jadawali, amma wanda ya san ba zai iya komawa sau uku ba kar ya rubuta.

Ummi Nas: Kuma akwai kwas ɗin tsaftar abinci mataki na biyu a intanet, awa biyu zuwa uku ne kuɗinsa bai kai na cefanen yini ba, ana ba da satifiket. Da mata goma a cikinmu za su yi shi yanzu, wata shekarar ba sai an tsaya wannan muhawarar ba. Don wutar nan za ta dawo, 2018 Saddleworth, 2019 Marsden ranar Ista saboda wani ya gasa nama a daji, bana ga wannan

Sadik Boro: Ni Whitby ba ta kai min awa ɗaya ba daga nan. In an tara kaya a kawo Middlesbrough ni da abokin zamana mu kai inda suka ce. Amma ba mu da mota sai ranar Lahadi

Baban Ilham: Bar maganar mota, zan zo da tawa mai kujera bakwai in cire na baya. Lahadin nan da ta sama duka. Sadik ka kira su gobe da safe ka sanar da mu kafin kowa ya sayi komai.

Alhaji Ɗanjuma: Ni har yanzu ina kan bakana, aikin gwamnati ne. Maman Hanif turo min lambar asusun. Fam hamsin, na safa ne kawai, kuma in na ga hotona ko sunana a Facebook zan fita daga gurup ɗin nan.

Maman Hanif: Na tura Baba, Allah ya ƙara arziki. Safa wace lamba ake saya? Anti Ladi?

Anti Ladi: Manya, daga 9 zuwa 12, masu kauri na auduga ko ulu, ki haɗa da 'yan ƙanana kaɗan akwai mata a cikinsu. Kar ki sayo masu santsin nan na zuwa ofis. Kuma wadda ta ari babbar kulata mai ruwan ɗorawa tun sunan Ilham ta dawo min da ita kafin walimar, da murfinta.